Ƙahon da Na Yi wa Gwiwata

Duk wanda ya shigo masallacin layinmu a Dukawuya zai gan ni a ƙarshen sahu, a kan kujerar roba, ƙafar dama a miƙe kamar taɓarya. Yara suna cewa haɗarin acaɓa na yi. Wasu sun ce ciwon suga ne. Ban taɓa tsayawa gyara wa kowa ba. Yau dai na ga dama zan faɗa, wanda bai ji daɗi ba a gidanmu ya sha ruwa.

Sunana Habu. Gidanmu gidan ƙwallo ne. Babanmu, Malam Garba, ɗan baya ne a zamaninsu, har yau tsofaffin Gwale suna cewa in ya tare mutum sai an kai shi gida a goye. Yayana Sale gola ne. Ni ne lamba tara, mai cin ƙwallo. Sai autanmu Nura, wanda kuke wa ihu a gidan kallo in ya sa rigar ƙasa. Ni ma an taɓa kirana sansanin matasa na ƙasa, in ba ku sani ba. Na san ba ku sani ba. Saboda wannan kiran na ajiye makaranta a aji uku na sakandare.

Dokar gidanmu biyu ce. Ta farko, ɗan Garba ba ya cewa ciwo a gaban koci. Ta biyu, duk inda ya kumbura mataccen jini ne, a kira wanzami ya tsaga ya kafa ƙaho ya zuƙe, a gasa da ruwan zafi, gobe a koma fili. Wanzamin gidanmu Baba Ilu ya fi wasu dangin zuwa zaurenmu. Tun ina rarrafe nake ganinsa a tsugune a kan ƙafar Baba, kumatu sun lotsa yana zuƙa. Kuma muna tashi mu yi gudu, to wa zai ce ba magani ba ne?

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin rakiya da addu'o'i ba. Wani dillalin 'yan wasa, Alhaji Tanko, mai turare da zoben azurfa, shi ya zo zaurenmu ya ce ya samo mini gwaji a wani babban kulob a Turai. Baba ya ce, "Ɗauke shi, naka ne." Shi ke nan.

Abin da ya fara gaishe ni a can ƙasar tasu sanyi ne. Muna fitowa daga filin jirgi na ja numfashi, na ji kamar an tura mini allura ta hanci har ƙwaƙwalwa. Na ce, "Alhaji, ina kulob ɗin yake?"

Ya ce, "Gaba kaɗan."

Muka shiga jirgin ƙasa. Gaba kaɗan ɗin nan sai da muka bar birni, muka bar gidaje, muka shiga wani daji fari fat, bishiyoyi ba ganye kamar an yi musu gobara. Muka wuni muna tafiya. Wani mai kaki ya zo ya tsaya a kaina yana magana, na miƙe tsaye zumbur, ashe tikiti yake tambaya. Alhaji ya yi ta dariya. Ni ban yi ba. Tun a jirgin nan cikina ya gaya mini babu wani babban kulob a ƙarshen wannan hanyar.

Muka sauka a wani ƙaramin gari mai kamfanin siminti. Komai nasu ruwan toka ne, gini, sama, har fuskokin mutane. Alhaji ya kai ni ƙofar wani ɗaki a saman bene, ya ce in kawo fasfo zai kai a buga masa hatimi. Na ba shi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai ka ci musu ƙwallo, ɗan Garba. Jibi zan dawo."

Har yau ina jiran jibin nan.

A cikin ɗakin na tarar da wani dogon baƙin mutum da hular sanyi yana soya ƙwai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma Alhaji ya kawo ka?"

Da Hausa! Sai da na dafa bango. Sunansa Muniru, ɗan Zangon Kumasi ne, ɗan tsakiya, ya daɗe a kulob ɗin har ya tsinci yaren garin. Hausarsa a karkace take, amma a ranar ta fi mini kiɗan kalangu daɗi.

Ya ce, "Ya karɓi fasfo?"

Na ce, "Zai kai hatimi."

Ya yi dariya har ƙwan ya kusa ƙonewa. "Zauna ka ci ƙwai, Bakano. Hatimi yana hanya."

Bayan na ci ya daina dariya. Ya ce mutumin da ba shi da fasfo a garin nan ba ya yawo. In 'yan sanda suka tare ka, akwai wani gida a bakin iyaka da ake tara irinmu, kuma bai san wanda ya shiga ya kira waya ba. Daga ranar hanyata ɗaya ce, ɗaki zuwa fili, fili zuwa ɗaki, ina bin bayan Muniru kaina a ƙasa. In na hango motar 'yan sanda sai fitsari ya kama ni. Ba kiran sallah, ba rana a sama da zan duba in san azahar ta yi. Muniru ya ce alƙibla tana wajen firji, na yarda da shi don ba ni da wani malamin. Ni da nake yi wa hayaniyar Ƙofar Nassarawa tsaki, sai ga ni ina kwance ina marmarin in ji hon ɗin motar haya ko guda ɗaya, ko wani ya zage ni da yaren da nake ji.

Filin nasu ya daskare, tauri kamar kwalta. Kocin wani gajere ne mai jar fuska, bai taɓa kiran sunana ba, da usur yake kirana kamar kare. 'Yan wasan ba sa ba ni ƙwallo. Amma ni ɗan gidan ƙwallo ne, ba sai an ba ni ba. Na ƙwata, na ci musu har golan ya fara zagin 'yan bayansa. Sai kocin ya kira Muniru ya yi masa magana. Muniru ya ce, "Ya ce ran Asabar akwai wasa, mai kulob zai zo da kansa. In ka burge shi, za su sa maka hannu, su yi maka takarda."

Takarda. Wato in daina jin fitsari in na ga mota.

Ana cikin atisaye a farkon makon, wani ƙaton ɗan baya da na wulaƙanta jiya ya shigo mini ta gefe da ƙafa biyu. Na ji ƙas a gwiwar dama. Duniya ta yi fari. Likitan kulob ya taho da jakarsa a guje. Sai na ji muryar Baba a kunnena kamar yana bakin layi. Na miƙe. Na yi murmushi, na ɗaga wa likitan babban yatsa, na yi ɗan tsalle don ya gani. Ya koma.

Kafin mu isa ɗaki gwiwar ta zama kabewa. Muniru ya buɗe firji ya ciro ledar ƙanƙara ya ce, "Sa wannan."

Na ce, "Ƙanƙara? Ƙasar nan gaba ɗayanta ƙanƙara ce, wa ta warkar?"

"To tashi mu je wurin likita."

"In ya gani ya gaya wa koci, koci ya gaya wa mai kulob, su sallame ni. Ba fasfo, ba Alhaji. In nufi ina, Muniru? Gidan bakin iyaka?"

Ya mayar da ledar firji, don ya san ba ƙarya na yi ba.

Washegari da rana ya fita sayen burodi. Na tafasa ruwa. Na ciro rezar da nake aski da ita. Ba ƙaho a garin, sai na ɗauki ƙaramin kofin gilashi na shayi, na yagi jarida. Na yi bismillah. Baba Ilu sama-sama yake tsagawa, amma ni na ga kumburin nan daga can ciki yake, sai na danna rezar sosai. Na kunna takarda a cikin kofin na kifa. Fata ta tashi, baƙin jini ya fito da wani ruwa-ruwa rawaya. Wallahi murna na yi. Na ce ga shi nan, mataccen ya fito. Na sake tsagawa a gefe, na sake kifawa, na bi da tawul mai zafi.

Muniru ya shigo, burodin ya faɗi.

"Innalillahi! Bakano, kai mahaukaci ne?"

"Magani ne."

"Maganin uban wa?"

"Na ubana."

Ya tsaya yana kallon jinin a ƙasa. Ya ce, "Ko a Zango mun daina wannan a kan gwiwa." Ya kawo tsumma ya goge.

Kafin Asabar zazzaɓi ya rufe ni. Mutane suna rawar sanyi, ni gumi nake. Gwiwar tana bugawa kamar an sa mata zuciya tata. Na naɗe ta da bandeji na ja dogon wando a kai. Muniru ya roƙe ni, har da "don Allah don Annabi". Na ce masa ɗan Garba ba ya kwana a ɗaki ranar wasa.

Na hango mai kulob a rumfa da wata babbar riga mai gashi. Aka fara. Na ɗan yi gudu ina cije baki. Sai Muniru, Allah ya saka masa, ya ɗago mini wata ƙwallo mai kyau har gaban raga, irin wadda ko matata za ta iya ci. Na ɗaga ƙafar dama. Ta ƙi. Kamar ba tawa ba. Na faɗi a kan fuskata, ƙwallon ta wuce a hankali. Wannan karon ban iya tashi ba. Likitan ya zo ya yanka bandejin da almakashi. Warin da ya fito ni kaina sai da na kau da kai. Ya kalli tsagar, ya kalle ni, ya kira sunan wani abu nasu yana taɓa goshi da ƙirji.

Asibitin garin tsohon gini ne mai dogon ɗaki. Ba mai jin Hausa, ba mai jin ɗan Turancin da nake da shi. Muniru ya raka ni, amma aka kore shi a ƙofa, kuma washegari kulob ya tafi wasa wani gari mai nisa da shi. Na zama kurma kuma bebe.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tsoho. Da nas ta zo canza masa zanen gado ta yaye bargo, na ga ƙafarsa ɗaya ta ƙare a cinya. An naɗe wurin da farin bandeji kamar kan tulu. Na juya fuska bango.

Sai likita ya zo, wani dogo mai tabarau. Ya duba ƙafata. Ja ya riga ya haura daga gwiwa ya fara cin cinya. Ya latsa nan, ya latsa can. Sai ya ciro biro daga aljihu, ya zana layi ya zagaye cinyata. Ya nuna wa nas layin, ya yi magana, suka gyaɗa kai, suka wuce.

Na kalli layin. Na kalli cinyar tsohon. Wuri ɗaya ne.

Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Na ga mahauta suna auna cinyar sa da yatsa kafin su sara. Haka na ga kaina. Na ja rigar nas ina cewa, "A'a! A'a! Ƙwallo! Ni ɗan ƙwallo ne!" Ta cire hannuna ta gyara mini ƙarin ruwa ta tafi. Na tofa yawu a hannu na dinga goge layin har fata ta yi zafi. Da ta dawo ta gani, ta yi mini faɗa da yarensu kamar uwa, ta kira likita, ya sake zanawa. Wannan karon har da dannawa.

Da gari ya waye jan ya tsallake layin. Likitan ya ɓata fuska. Ya ciro biro ya zana wani a sama, kusa da matsematsi. Na ce shi ke nan, sun ƙara nama. Na fara lissafin yadda zan sauka a Kano. Wa zai ɗauko ni? A keken guragu za a shigo da ni lungunmu, inda ko babur sai ya karkata? Na ga Baba a zaure yana kallon wandona a ninke da fil. Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron wannan kallon ba. Duk wanda ya turo gadon taya a baranda sai in riƙe ƙarfen gadona da hannu biyu. Na daina cin abinci, a haukata in ban ci ba ba za su iya yin aikin ba, ban san ma akasin haka ne ba.

Matar tsohon nan ita ta lura. Wata gajeriyar tsohuwa ce mai ɗankwali, kullum tana zuwa da miya a kwalba. Ta zuba a murfi ta miƙo mini. Na girgiza kai, don ina tsoron alade. Ta tsaya tana nazarina. Sai ta ajiye murfin, ta sa hannaye a hammata, ta dinga kaɗa su tana kukan kaza a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Mijinta mai ƙafa ɗaya ya yi dariya har da tari. Na karɓa na sha ina kuka. Ta shafa mini kai da tafin hannunta mai kaushi. Har yau ban san sunanta ba.

Da suka zo ɗaukata, maza biyu ne suka ɓamɓare yatsuna daga ƙarfen gado. Na yi kalmar shahada, na kira Inna, na zagi Alhaji Tanko da uwarsa da ubansa. Aka kifa mini wani abu a hanci.

Na farka na ƙi duba ƙasa. Na ƙura wa silin ido. Na taɓa jin an ce wanda aka yanke wa ƙafa yana ci gaba da jin yatsunsa, don haka ko da na ji nawa ban yarda ba. Sai na ji an ce, "Bakano, har yanzu ba ka mutu ba?"

Muniru ne, da ledar lemo.

Na ce, "Muniru, duba mini."

"In duba me?"

"Ka duba mini kawai."

Ya yaye bargon. Ya kama babban yatsana ya murɗa har na yi ƙara. Ya ce, "Ga ta nan, mummuna kamar yadda ka zo da ita."

Ya nemo likitan ya yi mana tafinta. Ashe layin ba na yanka ba ne, alama ce don a ga ko ciwon yana haurawa. Na fara jin kunya, har Muniru ya fara dariya. Sai likitan ya ƙara magana yana nuna layi na biyu, dariyar Muniru ta tsaya. Na ce me ya ce? Ya ce, "Ya ce da ya tsallake wannan, da abin da kake tsoro shi za a yi." Ya ce sun buɗe gwiwar sun wanke ruɓa, amma ta riga ta cinye cikin gaɓar. Jijiyar da ɗan bayan nan ya tsinka, wannan da sun gyara ta, suna gyara irinta kullum. Abin da reza ta shigar shi ne ba su da dabararsa. Likitan ya tambaya wane ne ya yi mini wannan aikin. Muniru ya ce masa wani ne a garinmu.

Fasfo ɗina ashe yana ofishin kulob. Alhaji ya ajiye shi a can, ya karɓi abin da zai karɓa ya ƙara gaba. Mutanen kulob ɗin ne suka yanka mini tikiti don su rabu da ni. Muniru ya ɗauki jakata har jirgin ƙasa, ya cire hular sanyinsa ya kifa mini a kai ya ce, "Ka gaida Kano. Ka ce mata ta riƙe wanzamanta."

Na shigo lungunmu da sanduna biyu, amma da takalmi biyu. Baba yana zaure. Ya ce in zauna, ya naɗe mini wando, ya daɗe yana kallon ɗinkin da tabon reza. Na jira. Ni kaina ban san me nake jira ba.

Ya ce, "Ba ka iya ba ne. Ai ba nan ake tsagawa ba."

Abin da ubana ya ce mini ke nan. Na sauke wandona na ɗauki sandunana. Na buɗe rumfar gyaran takalmin ƙwallo a bakin titi, ina ɗinke wa yaran mutane abin da za su yi gudu da shi.

Shekaru suka tafi, Nura ya girma, ya fara ci kamar yadda nake ci. Aka kira shi sansanin ƙasa. Ana gobe-jibi zai tafi, ya dawo daga wasan unguwa gwiwa a kumbure. Ina rumfa aka zo aka ce mini an ga Baba Ilu ya nufi gidanmu da zabirarsa.

Ban san ina iya sauri haka ba. Na riga shi isa, na tsaya a ƙofar zaure, na gicciya sandata.

Baba Ilu ya ce, "Habu, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba Ilu. Koma gida."

Daga ciki babanmu ya ɗaga murya. "Wane ne a ƙofa?"

"Ni ne."

"Matsa masa ya shigo."

"Ba zai shigo ba."

Ya fito da kansa. Mutane sun fara taruwa. A rayuwata ban taɓa ɗaga ido na kalli Baba ba, ranar na kalla. Ya ce, "A gidana? Kai gurgu, a gidana?"

Na ce, "Eh, Baba, gurgu. Ɗaya ya ishe ka."

 Baba Ilu ya gyara zabirarsa a kafaɗa, ya ce ya tuna ana jiransa gidan suna, ya juya. Na sa Sale ya tari a-daidaita-sahu, na sayi ƙanƙara wurin mai lemo na ɗaura wa yaron da hannuna, muka kai shi asibitin ƙashi. Ya rasa wannan kiran. Ya yi fushi da ni har ya daina gaishe ni. Aka sake kiransa da ya warke, sauran kun sani.

Baba bai ƙara yi mini magana mai tsawo ba har ya rasu. In Nura ya ci ƙwallo, gidan kallo yana tashi da ihun "Jinin Garba! Jinin Garba!" Ni ina can baya kusa da ƙofa, inda ƙafata ba za ta tare wa kowa hanya ba. Ba na kallon raga. Duk sanda wani ɗan baya ya nufo shi ta gefe, gwiwarsa nake kallo, hannuna a kan cinyata daidai inda aka zana layin, ba na numfashi sai na ga ya tashi.